Onore Domiye, Mai Zanen Zambon Ministocin Faransa (1808–1879)

Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin waƙoƙin baka ya san zambo, ya kuma san hanyar da ake bi a yi shi. Akan dubi mutum ne a tsamo wata siffa ta jikinsa ko wani hali nasa, a kambama shi har ya danne sauran, ta yadda ko ba a kama suna ba kowa ya san inda aka dosa. Abin da ba mu cika waiwaya ba shi ne, hannu ma yana yin zambo kamar yadda baki ke yi, kuma sau da yawa na hannun ya fi daɗewa, domin ba ya bin iska. A wannan maƙala za mu kawo tarihin wani Bafaranshe wanda mutanen ƙasarsa ke rubuta sunansa Honoré Daumier, su furta shi Onore Domiye. Ya yi shekara 40 da 'yan kai yana zana sarki da ministoci da 'yan majalisar ƙasarsa a jaridu. Ya sha ɗauri a kan haka, ya tsufa cikin rashi da makanta. Amma da yawa daga cikin manyan da ya zana, da fuskar da ya ba su aka san su a yau.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Domiye ranar 26 ga Fabrairu, 1808, a Marsai, babban birnin gaɓar teku na kudancin Faransa. Sana'ar mahaifinsa ita ce sa gilashi a tagogi, amma hankalinsa duk yana wajen rubuta waƙoƙi. Wannan buri shi ya ɗauke shi zuwa Faris neman suna, a 1816 kuwa iyalinsa suka bi shi. Sunan bai samu ba, sana'ar kuma ta kuɓuce, gida ya shiga ƙunci.

Saboda haka tun yana ɗan shekara 12 aka kai Onore aikin ɗan aike wajen wani ma'aikacin kotu, irin waɗanda ke kai sammaci da ƙwace kayan wanda bashi ya ci. A nan ya fara ganin lauyoyi da alƙalai ido da ido, ya ga kuma yadda talaka ke tsayawa a gabansu. Daga nan ya koma yaron kanti a wani shagon littattafai. Da aka ga ba abin da ke ransa sai zane, sai wani abokin mahaifinsa mai suna Lanuwar, masanin zane da sassaƙa, ya ɗauki nauyin koya masa. Yaron ya riƙa zuwa gidan adana zane-zane na Lubur yana kwaikwayon ayyukan magabata, sa'an nan ya shiga koyon wata sabuwar sana'a wadda ita ce za ta ci da shi har tsufansa.

Sana'ar ita ce ɗab'in dutse, wanda aka ƙago a Jamus a ƙarshen ƙarni na 18. Akan sami faifan dutse mai santsi, a yi zane a kansa da wani alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a bi shi da tawada. Tun da ruwa da mai ba sa haɗuwa, sai tawadar ta kama inda allin ya bi kaɗai. In aka ɗora takarda aka danne, hoton ya fito, kuma ana iya fid da ɗaruruwa daga dutse guda cikin araha. Dole mai zanen ya yi kome a juye, dama ta koma hagu. Da wannan dabara hoto ya sami shiga jarida da sauri, har abin da minista ya faɗa a wannan mako a gan shi a zane mako mai zuwa.

Faransa a shekarar 1830

A watan Yuli na 1830 Sarki Shal na Goma ya ba da umurnin toshe bakin jaridu da rushe majalisa. Mutanen Faris suka fito, aka yi kwana uku ana gwabzawa a tituna, sarki ya gudu. Aka naɗa wani ɗan uwansa, Luwi-Filib, bisa tsarin mulkin da ya yi alkawarin ba za a sake tace jaridu ba har abada. Talakawa su suka zub da jini, amma da aka zo rabon amfanin, sai aka ce ba mai jefa ƙuri'a sai namijin da ke biyan harajin da ya kai faran 200 a shekara. Cikin al'umma ta fiye da mutum miliyan 30, masu ƙuri'a ba su kai 200,000 ba. Ta haka majalisa ta cika da masu bankuna da masu masaƙu da masu manyan gonaki.

Sarki ya kira manufar gwamnatinsa bin tsaka-tsaki, watau ba ya tare da masu son a koma tsohuwar sarauta, ba ya kuma tare da masu neman jumhuriya. Ministocinsa da 'yan majalisar da ke ɗaga musu hannu sai aka riƙa kiransu 'Yan Tsaka-tsaki. A wancan zamani ba a fara jam'iyya mai kati da ofis ba tukuna, amma waɗannan mutane tafiyarsu ɗaya, cinsu ɗaya, kuma su ne Domiye ya sa a gaba.

Sarki mai haɗama da ɗaurin wata shida

A watan Nuwamba na 1830 wani ɗan jarida mai ƙarfin hali, Shal Filifon, ya kafa jaridar mako-mako mai suna La Caricature, bayan shekara biyu kuma ya ƙara da ta kullum, Le Charivari. Ya tara samari masu zane, cikinsu har da Domiye. Kantin da ke buga jaridun yakan kafa sababbin hotuna a taga, jama'a su yi cincirindo suna kallo suna dariya, har da waɗanda ba su iya karatu ba, ba su kuma da kuɗin sayen jarida.

A Nuwamba 1831 aka gurfanar da Filifon bisa laifin ɓata sarki. A cikin kotun ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu a jere, ya fara da fuskar sarki mai tsukakken goshi da zubabbun kumatu, ya riƙa sauya ta kaɗan kaɗan har ta koma wani ɗan itace da Faransawa ke kira fuwar, mai siffar gora. Hujjarsa ita ce, in kama laifi ce, to sai a hukunta itatuwa ma. Kotu ba ta karɓa ba, aka yanke masa ɗauri, amma daga ranar duk bangon da aka duba a Faris sai a ga an zana wannan ɗan itace.

Wata guda bayan haka Domiye ya fito da hoton da ya jawo masa fitina. Ya ba shi sunan Gargantuwa, wani ƙaton mutum mai ci ba ƙoshi da ke cikin tsohon labarin Faransawa na ƙarni na 16. A hoton an ga sarki da ƙaton tumbi zaune bisa kujerar bayan gida, an jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bakinsa, bayi suna hawa da kwandunan kuɗin da aka karɓa daga ramammun talakawa suna juye masa. A ƙarƙashin kujerar kuwa takardun muƙamai da lambobin girma ne ke zubowa, manya suna wawaso. A daidai lokacin ana gardama a kan miliyoyin da za a ware wa gidan sarki kowace shekara, saboda haka ba wanda ya nemi a yi masa fassara. 'Yan sanda suka ƙwace hoton, a Fabrairu 1832 kotu ta yanke masa ɗaurin wata shida da tarar faran 500.

Ba a kai shi kurkuku nan take ba, shi kuma bai saurara ba. Ya zana minista Dargu da wasu manyan gwamnati biyu sun duƙa suna wankin tutar Faransa mai launi uku, suna son su mai da ita fara irin ta tsohuwar sarauta, amma jan ya ƙi fita. A ƙarshen Agusta aka zo aka tafi da shi kurkukun Sant-Felaji, yana da shekara 24. Daga baya aka mai da shi wani gidan jinya inda akan tsare fursunonin siyasa, bai fito ba sai farkon 1833.

Minista Dargu da abokan tafiyarsa

Cikin ministocin da suka sha allin Domiye ƙwarai akwai Dargu. Wannan mutum, haifaffen 1782, irin mutanen nan ne da kowace gwamnati ta zo da su ake damawa. Ya yi wa Nafoliyon aiki, ya yi wa sarakunan da suka biyo bayansa, ya kuma zama ministan Luwi-Filib. Daga 1831 shi ne ministan ciniki da ayyuka, kuma kula da gidajen wasan kwaikwayo yana ƙarƙashinsa. A Nuwamba 1832 ma'aikatarsa ta hana wani wasa na shahararren marubucin nan Biktor Hugo bayan an nuna shi sau ɗaya tak. Daga nan aka ba shi ma'aikatar harkokin cikin gida. Allah kuwa ya yi shi da dogon hanci ƙwarai.

Filifon ya nemi Domiye ya yi jerin hotunan 'Yan Tsaka-tsaki ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya taɓa dutse, sai Domiye ya fara gina kawunansu da yumɓu, 'yan ƙanana waɗanda yawancinsu ba su wuce taƙi ba, ya shafa musu launi, ya jera su a ɗakinsa. An ruwaito cewa ba ya zana mutum yana kallonsa. Yakan dube shi ne da kyau, ya koma gida ya fito da shi daga ka. Da waɗannan kawuna a gabansa yana iya juya minista ta kowace fuska ya ga dama. A ƙarƙashin wasu hotunan kuma Filifon yakan ƙaga wa mutum tambarin sarauta na izgili. Na Dargu an sa masa almakashi, alamar mai datse maganar mutane. Fersi, babban lauyan gwamnati wanda ke gurfanar da 'yan jarida, an karkata sunansa ya koma Uban Zarto a harshensu, aka sa masa injin fille kai a tambarinsa. An zana Tiyer, ɗan gajere mai tabarau da murmushin wayo. An zana ministan ilmi, mai tsukakkiyar fuska da ɗaurin gira, wanda sunansa a bakin Faransawa yake fita Gizo, kamar na tatsuniya.

A Janairu 1834 ya tattara su duka a hoto guda mai suna Tumbin Majalisa. Mutum 35 ne zaune a kujerun magoya bayan gwamnati, sahu sahu cikin da'ira, ministoci a sahun gaba. Wannan na gyangyaɗi, wancan na fyace hanci, wasu na raɗa, wasu sun ɗora hannu a tumbi. Babu wanda aka nuna yana sata ko duka. Zama kawai suke yi, amma mai kallo yana ɗaga ido zai ga cewa waɗannan ƙosassu ba su da labarin masu jin yunwa.

A nan mai karatu zai iya tambaya, shin wannan ba zagin halitta ba ne? Ai Dargu ba shi ya yi wa kansa hanci ba. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a rasa hotunan da ba su wuce dariyar siffa ba. Amma inda Domiye ya fi takwarorinsa shi ne, yakan ɗaura siffar a kan aikin mutum. Hancin ya zama na mai shinshinar abin da marubuta ke dafawa, tumbin ya zama na masu cin haraji. Siffar ita ke jawo ido, sa'an nan ta miƙa shi ga laifin da ake zargi.

Titin Taransnona da dokokin Satumba

A Afrilu 1834 masaƙan siliki na birnin Liyon suka yi bore, wutar ta kama wasu unguwannin Faris. Tiyer ne ya gaji Dargu a ma'aikatar cikin gida 'yan kwanaki kafin nan. Sojoji suka ce an harbe su daga wani gida mai lamba 12 a titin Taransnona, suka fasa gidan suka kashe mutum 12, har da mata da tsofaffi da ƙaramin yaro. Domiye ya zana ɗaki guda na gidan da safe. Ga magidanci cikin rigar barci ya faɗo daga gado, ya danne gawar ɗansa, ga kan wani tsoho a gefe, ga mace kwance cikin duhu. Bai kambama kome ba, bai sa wata magana ba sai sunan titi da kwanan wata. Gwamnati ta rasa laifin da za ta kama a kotu, amma duk da haka 'yan sanda suka bi suka ƙwace dutsen da abin da suka samu na hotunan.

Ranar 28 ga Yuli, 1835, wani mutum mai suna Fiyeski ya harhaɗa bindigogi ya buɗe wa ayarin sarki wuta. Sarki ya tsira, mutum 18 suka mutu. Faɗuwa ta zo daidai da zama, gwamnati ta kawo dokokin da aka sani da dokokin Satumba, waɗanda suka wajabta a kai kowane zane a duba kafin a buga shi. Da aka tuna musu alkawarin 1830, sai Fersi, wanda a lokacin ya zama ministan shari'a, ya kawo hujja cewa alkawarin ya shafi rubutu ne, domin rubutu da hankali yake magana, shi kuwa hoto da ido yake magana, saboda haka ya tashi daga ra'ayi ya koma aiki. Ba a taɓa yi wa sana'ar Domiye shaida irin wannan ba, kuma daga bakin abokin gaba ta fito. La Caricature ta rufe a Agustan shekarar.

Shekarun takunkumi

Da aka hana shi taɓa ministoci sai ya juya kan mutanen da ministocin ke wakilta. Tsakanin 1836 da 1838 ya yi hotuna wajen 100 na wani ɗan damfara mai suna Roba Makar, wanda yau shi ne mai banki, gobe likita, jibi mai sayar da hannun jarin kamfanin da babu shi. Daga 1845 zuwa 1848 ya koma kan lauyoyi da alƙalai, waɗanda ya sani tun yana ɗan aike. Ba duk abin da ya zana ne ya yi adalci a ciki ba. A 1844 ya yi jerin hotuna na yi wa mata marubuta ba'a, yana nuna su a matsayin masu watsar da gida, kuma masu nazari na yau suna ƙirga wannan cikin inda ya bi son zuciyar zamaninsa. Ya kamata kuma a sani cewa yawancin maganganun da ke ƙarƙashin hotunansa editoci ne ke rubutawa. A 1846 ya auri wata mai ɗinki, suka zauna a wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Faris.

A Fabrairu 1848 jama'a suka sake tashi, Luwi-Filib da Gizo suka tsere Ingila. Domiye ya zana zaman ƙarshe na ministoci: Jumhuriya, cikin siffar mace, ta turo ƙofa haske ya shigo, su kuwa suna ture juna suna neman fita ta taga. Daɗin bai daɗe ba. Luwi Nafoliyon, ɗan ɗan'uwan Nafoliyon na farko, ya ci zaɓen shugaban ƙasa, Domiye kuwa ya ƙago wani ramammen ɗan banga mai murɗaɗɗen gashin baki da kulki, Ratafuwal, don ya nuna irin mutanen da ke yi masa yaƙi. Ranar 2 ga Disamba, 1851, shugaban ya rushe majalisa da ƙarfin soja, a 1852 takunkumi ya dawo.

A 1860 Le Charivari ta sallame shi bayan hidimar kusan shekara 30. Ya yi shekara uku cikin bashi yana zanen fenti, abin da ya daɗe yana so, yana zana mata masu wanki da talakawa a taragon jirgin ƙasa mai araha, amma masu saye ba su da yawa. A ƙarshen 1863 jaridar ta mai da shi.

Tsufansa da mutuwarsa

A 1865 ya koma ƙauyen Balmonduwa, arewa da Faris. A 1870 gwamnatin Nafoliyon na Uku ta yi masa tayin babbar lambar girma ta ƙasa, irin wadda ya taɓa zanawa tana zubowa daga ƙarƙashin kujera. Ya ƙi karɓa, bai kuma yi shela a kan ƙin ba. Ya ga yaƙin 1870 da Jamusawa, ya zana ɓarnarsa. Ya kuma ga Tiyer, wanda ya fara zanawa shekara 40 da suka wuce, ya murƙushe boren Faris a 1871 ya zama shugaban ƙasa. A 1872 ya yi hotunansa na ƙarshe a jarida, domin idanunsa sun fara mutuwa. Abokinsa Koro, mai zanen fenti, ya taimaka masa ya mallaki ɗan gidan da yake haya, a 1877 kuma gwamnati ta yanka masa ɗan fansho. A 1878 abokansa suka shirya nunin ayyukansa a Faris ƙarƙashin shugabancin Biktor Hugo, wanda ma'aikatar Dargu ta hana wasansa a da. Masana suka yaba, amma kuɗin shiga bai mai da abin da aka kashe ba. Ya mutu a Fabrairu 1879, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 71. A 1880 aka mai da gawarsa maƙabartar Fer Lashez a Faris. Ya bar hotunan ɗab'in dutse wajen 4,000.

Kammalawa

In aka auna da ma'aunin duniya, ministocin ne suka ci riba. Dargu ya bar ma'aikata a 1834 ya zama gwamnan Bankin Faransa, ya riƙe shi fiye da shekara 20, ya mutu a 1858 yana ɗan majalisar dattawan Nafoliyon na Uku. Fersi ma a majalisar dattawa ya ƙare. Zanen Domiye bai tuɓe ko ɗayansu ba, kuma dokar da ta soke tace zane a Faransa ba ta zo ba sai ranar 29 ga Yuli, 1881, bayan mutuwarsa da shekara biyu. Abin da ya iya yi shi ne ya hana su zaɓar fuskar da za a tuna su da ita. Manyan nan sun biya ƙwararru sun zana su cikin kayan girma, amma in ana ba da tarihin mulkin Luwi-Filib a yau, Tumbin Majalisa da Titin Taransnona ake bugawa a littattafai. Kawunan yumɓun nan kuwa, waɗanda bai ko gasa su ba domin bai ɗauke su abin ajiya ba, guda 36 sun tsira. Suna nan a gidan adana zane-zane na Orse a Faris, sun tsattsage, launinsu ya koɗe, kuma a cikinsu akwai na Dargu da hancinsa.